Koyil na zafi, murya ta dushe: gyaran filtar amfilifaya Kilas D

Wani ƙanenmu daga Nima da ke Accra, mai ba da hayar kayan sauti a bikin aure da suna, ya aiko da tambaya. Yana da bodin amfilifaya mai ayisi (IC) TPA3116, yana ba shi bolt 24. An rubuta 220 a kan koyil-koyil ɗin bodin, kafasitocin kusa da su kuma 684. In ya sa akwati ɗaya mai om 8 a kowane gefe, lafiya lau. Da ya haɗa akwati biyu-biyu sai siririyar murya ta ragu. Daga baya koyil ɗaya ya ƙone, ya ciro zobe mai launin rawaya da fari daga tsohon fawa na kwamfuta ya naɗa masa waya, yanzu kuma zoben yana zafi ko ba a sa kiɗa ba. Abokinsa ya ce ya rage kafasita, ko ma ya cire koyil ɗin gaba ɗaya ya haɗa waya kai tsaye. A cikin akwatunan akwai tiwita, wato ƙaramar lasifikar siririyar murya, irin ta fiyezo da ya ƙara da kansa.

Ƙanena, shawarar abokin nan taka duka biyun ka ajiye su. Kafasitan bai yi maka laifi ba. Koyil ne bai dace da nauyin da ka ɗora masa ba, zoben da ka naɗa kuma ba na wannan aikin ba ne.

Wannan amfilifaya, irin da ake kira Kilas D, ba ya fitar da kiɗa kai tsaye. Kunnawa da kashewa yake yi, wajen sau dubu 400 a daƙiƙa, wato 400 kHz, kiɗan kuma yana ɓoye a cikin faɗin kowane bugu. Koyil da kafasitan da ke tsakanin ayisi da lasifika su ne ke tare wannan bugun su bar kiɗan ya wuce. In ka cire su, kunnenka ba zai ji 400 kHz ba, amma wayar lasifikarka mai tsawon mita goma ko ashirin za ta koma eriya, ta dami rediyon maƙwabta da makirfon ɗinka marar waya, fiyezon nan kuma zai riƙa jan wuta mai yawa daga ayisin har kariyarsa ta yanke ko ya mutu. Ƙananan na'urori masu wat biyu ko uku, da lasifika manne a jikinsu, su ne ake bari da ɗan dutsen ferayit kawai. Naka ba ya cikinsu.

Lissafin filtar abu biyu ne. Na farko inda take fara yankewa, f ke nan, L kuma ƙimar koyil ce, C ta kafasita:

f = 1 ÷ (6.28 × √(L × C))

Na biyu yadda take yankewar, ko ta sauka a hankali ko ta yi tozo kafin ta sauka. Shi ake kira Q:

Q = R × √(C ÷ L)

Q na 0.7 shi ne shimfiɗaɗɗe, wanda ake dangantawa da Stephen Butterworth, injiniyan Ingila da ya wallafa shi a 1930. Ƙasa da haka, siririyar murya na faɗuwa da wuri. Sama da 0.7, tozo ya fara fitowa. Ka lura R na cikin lissafin, kuma R ɗin nan ba a kan bodi yake ba, lasifikarka ce. Filtar ɗinki ce da aka yi da awon mutum ɗaya, ka ba wani ya sa. Sai wani abu da mutane da yawa ke mantawa: bodinka haɗin gada ne, kowace waya ta lasifika, ja da baƙa, tana da nata koyil da nata kafasita zuwa giraun. Don haka kowane ɓangare rabin lasifikar yake gani. Akwati mai om 8, R ɗinsa a lissafi 4 ne. Biyu da ka haɗa suka zama om 4, R ya zama 2.

Lambar 220 a kan koyil tana nufin 22 µH, ba 220 ba, domin lambar ƙarshe adadin sifiri ce. 684 kuma 680 nF. Waɗannan biyun suna yankewa a wajen 41 kHz. Da om 8, Q ya kama 0.70, a 20 kHz ba ka rasa ko rabin dB ba (dB ma'aunin ƙarfin sauti ne). Wanda ya zana bodin ya san abin da yake yi, don om 8 ya yi shi. Da om 4, Q ya faɗi zuwa 0.35, ka rasa kusan 1.3 dB a 10 kHz, da kusan 4 dB a 20 kHz.

Ga dalilin da ya sa rage kafasita ba zai cece ka ba. Koyil mai 22 µH yana tare wuta da ƙarfin om 2.8 a 20 kHz. Biyu ne a hanyar, sun zama om 5.5 a jere da lasifika mai om 4. Wannan tarewar ba ruwanta da kafasita. Ka sauke shi zuwa 330 nF, a takarda za ka ga yankewar ta hau 59 kHz ka yi murna, amma Q ya faɗi zuwa 0.25, asarar 20 kHz ta ɗan ƙaru ma, ta wuce 4 dB. Ga ƙarin bugun 400 kHz da ka buɗe wa ƙofa a banza.

Abin da za ka yi shi ne ka bar 680 nF inda yake, ka mayar da koyil huɗun 10 µH, masu lamba 100. Yankewa za ta koma 61 kHz. Da om 4, Q zai zama 0.52, asarar 20 kHz ba ta kai 1 dB ba. Da om 8, Q zai zama 1.04, ƙarin rabin dB a can sama, wanda ba mai jin sa a filin biki. Ga mai haya irinka, da yau akwati ɗaya gobe biyu, wannan haɗin ya fi kowane zama lafiya. In da om 4 kaɗai za ka riƙa aiki kullum, 10 µH da 1 µF ya fi kusa da daidai, Q 0.63, yankewa 50 kHz. Huɗun duka za ka canja, iri ɗaya. Koyil ɗaya daban da ɗan'uwansa a gada ɗaya yana ɓata daidaiton ɓangarorin biyu, hayaniyar da ya kamata ta kashe juna sai ta fita ta waya.

Amma kada in sayar maka da abin da lissafin bai ce ba. Asarar 1.3 dB a 10 kHz kunne mai kyau zai lura da ita, sai dai ba ita ce ke sa kiɗa ya zama kamar daga ɗaki na gaba yake fitowa ba. Yawancin manya ma ba sa jin abin da ya wuce 15 ko 16 kHz. In dushewar ta yi tsanani, ka sa kunne a bakin kowace tiwita a akwati na biyun, mai yiwuwa ɗaya ta mutu, ko an juya wayarta tana kashe 'yar'uwarta. Ka duba wannan kafin ka kunna ayan ɗin soda.

Yanzu zoben. A nan ne ake yawan faɗuwa, domin mita tana nuna 22 µH, mutum ya ce ai shi ke nan. Ko kiɗa bai shiga ba, wuta tana kai da komo a cikin koyil a kowane bugu. Girmanta daga ƙasa zuwa sama shi ne bolt ÷ (4 × L × f). A bolt 24 da 400 kHz, koyil mai 22 µH yana ɗauke da kusan amfiya 0.7, mai 10 µH kuma amfiya 1.5. Wannan kai da komon yana juya maganaɗisun zoben sau dubu ɗari huɗu a daƙiƙa, kowane juyi yana barin ɗan zafi. Zoben rawaya da fari garin ƙarfe ne, wanda kamfanin Micrometals ke kira haɗi na 26. An yi shi don tace wutar da ta riga ta kusan daidaita, inda kai da komon kaɗan ne. A filtar Kilas D yana dafa kansa. Ban da zafi, ƙimarsa tana sauka yayin da wuta ke ƙaruwa, wato 22 µH ɗinka a shiru ba shi ne 22 µH a lokacin da bes ya buga ba, wannan sauyin kuma yana fitowa a matsayin gurɓatar murya.

Wanda ake nema shi ne jan zobe, haɗi na 2. Maganaɗisunsa rarrauna ne, ƙarfinsa 10 ne inda na rawayan yake 75, shi ya sa ba ya zafi kuma ƙimarsa ba ta motsi. Kuɗin da za ka biya shi ne yawan naɗi. A kan T106-2, wanda faɗinsa ya kusan milimita 27, naɗi 27 na ba da 10 µH, naɗi 40 na ba da 22 µH. Ka yi da wayar tagulla mai kaurin milimita 1, ka shimfiɗa naɗin a kewayen zoben daidai wa daida, kada wani ya hau wani. Ga wani amfanin 10 µH nan ma, naɗi 27 yana shiga layi ɗaya ba tare da ka yi kokawa da shi ba. Zoben sandas (sendust, wani haɗin garin ƙarfe) mai baƙin fenti shi ma yana yi, ferayit mai tsaga kuma shi ne a cikin yawancin koyil ɗin da aka rufe da aka yi musamman don wannan aiki. Abin da za ka guje wa shi ne zoben ferayit marar tsaga, irin mai naɗi biyu da ke bakin shigar wuta a fawa. Naɗi kaɗan zai ba ka lambar da kake so a mita, amma da ɗan amfiya ya ƙoshi.

Ƙoshin nan ya kamata ka fahimce shi. Kowane zobe yana da iyakar maganaɗisun da zai ɗauka. Da ya kai iyakar, koyil ya daina zama koyil, ya koma guntun waya, wuta ta yi tsalle, ayisi ya yanke don kare kansa. Alamarsa ita ce kiɗa na tafiya daidai, da an ƙara murya bes ya buga sai ka ji ƙas, ko sauti ya ɗauke na ɗan lokaci ya dawo. Bolt 24 a kan om 4 yana jan amfiya 6 a ƙololuwa, lasifikar da aka rubuta wa om 4 kuma tana iya sauka ƙasa da haka a wasu muryoyin. Ka nemi koyil da ke jure amfiya 8 zuwa 10 kafin ya ƙoshi. Ferayit yana ƙoshi da wuri in ya yi zafi, shi ya sa bodin da ya yi lafiya a shago da safe yake fara yankewa da azahar a ƙarƙashin kanofi, cikin rufaffen akwati, da zafin Accra a kansa. Ƙananan koyil masu girman ƙwayar gyaɗa da ake sa wa a bodi masu arha, a kansu ake rage kuɗi. Juriyar wayar ma ka duba: om 0.1 a kowane koyil, biyu a hanya, a cikakken ƙarfi ya kai wat 3 da rabi da ke tafiya a zafi. Ka nemi wanda bai wuce om 0.03 ba.

In ka shiga Zongo Lane, layin masu kayan lantarki a Accra, neman su, ka tafi da mitar da ke auna koyil, ko ka aro. Fenti ba shaida ba ne, akwai jan zoben da ba haɗi na 2 ba. Ka naɗa waya goma a wurin ka auna. T106-2 na gaskiya zai nuna kusan 1.4 µH, ƙaramin naɗi irin wannan yakan ɗan haura kaɗan. In ka ga 9 ko fiye, fentin ne kawai ja.

Kafasita ba shi da dogon zance. Ka sa na fim, MKP ya fi, MKT ma ya wadatar, mai jure bolt 63 ko 100. Ƙananan na yumɓu irin X7R suna rasa wani kaso na ƙimarsu in akwai bolt a kansu, kuma a bodinka kowace ƙafa tana zaune a kan rabin wutar fawa, ƙimar kuma tana motsi tare da kiɗan. Na ruwa mai ƙafar ƙari da ragi ba ya shiga nan sam. Kuma kada ka cire biyun da ke zuwa giraun ka sa ɗaya tsakanin ja da baƙa don ragin aiki. TPA3116 yana buga ƙafafunsa biyu kusan tare in babu kiɗa, kafasitan da ke tsakaninsu ba ya ganin wannan bugun, na giraun ne ke kama shi.

Duk lissafin da na yi maka a sama na ɗauka lasifika resista ce zalla, kuma ba haka take ba. Om 8 da aka rubuta a bayanta gaskiya ne a tsakiyar murya kawai. Wufa, babbar lasifikar bes, tana da nata koyil a ciki, don haka tarewarta tana hawa yayin da murya ke sirancewa, a 40 ko 60 kHz tana iya kai om da yawa ninki-ninki. A daidai inda filtar ke buƙatar nauyi ya danne mata tozo, nan ne lasifikar ke sakin hannu. Q sai ya haura 3 ko 5, in waya ta fita daga akwati ana cikin kiɗa kuma ya wuce haka nesa. Kiɗa ba shi da komai a can, amma in ka tura amfilifaya har ya fara yanke kan igiyar sauti, yankan yana haifar da muryoyi masu kaiwa can, tozon ya ninka su, bolt ɗin kan kafasita ya wuce na fawa.

Fiyezo yana ƙara dagula wannan. Shi a wajen wuta kafasita ne, kowane ɗaya wajen 0.1 zuwa 0.2 µF. Tun da tsakanin ja da baƙa yake, filtar tana ganin sa ninki biyu. Ka ce huɗu ne a gefe ɗaya, jimillarsu rabin µF, a idon filtar 1 µF aka ƙara a kan 680 nF. Da koyil 22 µH yankewar ta sauko daga 41 kHz zuwa wajen 26 kHz, tozon ya matso bakin abin da kunne ke ji, ga Q ya ƙaru. Sakamakon yakan zama murya mai kaifi da ke gajiyar da kunne da tiwita masu mutuwa ɗaya bayan ɗaya, koyil kuma yana ɗaukar ƙarin wuta, ina zargin ma yana da hannu a ƙonewar na farkon. Maganinsa mai arha ne: resista mai om 33 ko 47, wat 5 zuwa 10, a jere da kowane fiyezo. Ni da son raina ne da ka cire su ka sa tiwitar ƙaho mai koyil da kirosoba nata mai tace mata muryarta, amma na san sidin da ke aljihu ne ke yanke wannan hukuncin.

Bayan haka sai zobel, wato resista da kafasita a jere, a ɗora su tsakanin ja da baƙa a bakin fitar bodi. A ƙananan muryoyi kafasitan ya rufe hanya, a can sama ya buɗe, resistan ya zama nauyin da lasifika ta ƙi zama. Om 10 da 100 nF shi ne abin da International Rectifier suka sa a bodinsu na gwaji na IRS2092, tare da 22 µH da 470 nF. Kai za ka iya kai wa 220 nF. Kada ka zarce don neman ƙarin dannewa. A cikakken ƙarfi, wato bolt 17 in an auna igiyar da ƙololuwarta bolt 24 ce, in aka ba shi 20 kHz zalla, resistan yana cin rabin wat da 100 nF, wat 2 da 220 nF, fiye da wat 7 da 470 nF. Kiɗa ba ya zama a can, amma kukan makirfo yana zama, kuma kai ka fi ni sanin sau nawa mai sanarwa ke tsayawa gaban akwati da makirfo a hannu. Ka sa resista mai wat 5, ba irin wanda aka naɗa da waya ba.

Duk wannan ya halatta ne domin TPA3116 yana ɗaukar fidbak ɗinsa, wato ɗan abin da yake komarwa ciki daga fitarsa don gyara kansa, kafin filta, ba ya sanin abin da ka canja a bayanta. Yawancin bodin IRS2092 ma haka suke. Akwai wasu kuma, irin tsarin UcD da Bruno Putzeys ya ƙirƙira, wanda Hypex ke sayarwa, da suke ɗaukar fidbak bayan filta. Su ba su damu da om 4 ko 8 ba, muryarsu ɗaya ce, amma koyil da kafasitan suna cikin abin da ke tsara saurin bugun kansa. In irin wannan ya zo hannunka, abin da ka cire shi za ka mayar, lamba da iri. Ka bi layin tagulla da ido: in ka ga siririn layi ya taso daga bakin lasifika ya koma wajen shigar sauti, ka bar filtar yadda take.

Wajen gwaji, mitar hannu mai arha ba ta karanta bolt daidai in an wuce 'yan ɗaruruwan Hz, ga ragowar bugun da ke ruɗa ta, don haka kada ka dogara da ita a 10 kHz. Ka samu mai osiloskop. Hattara da kilif ɗinsa na giraun: a haɗin gada baƙar wayar ba giraun ba ce, in ka maƙala shi a can ka haɗa fitar ayisi da ƙasa. Ka maƙala shi a giraun ɗin bodi, ka duba ja da baƙa da bakin awo biyu, ka sa na'urar ta debe ɗaya daga ɗaya. Fara da resistan gwaji mai om 4, a ƙaramar murya, bolt 2 ya isa. Ba shi 1 kHz ka rubuta, sannan 10, 15, 20 kHz. Ka maimaita da om 8, sannan da akwatinka na gaske da wayarsa mai tsawo, domin wannan na ƙarshen shi ne za ka kai wurin biki. Ka ba shi igiya mai kusurwa ta 1 kHz ka kalli gefenta: ɗan tsalle ɗaya da ya kwanta nan take ba komai, in yana ta rawa sau huɗu biyar kafin ya tsaya, Q ya yi yawa, ka koma kan zobel da fiyezo. Ragowar 400 kHz za ka gan ta a kowace ƙafa, wajen kashi ɗaya bisa uku na bolt da 10 µH, kusan ninki biyu na abin da 22 µH ke bari. Wannan ba ciwo ba ne.

Sai ka bar shi a kunne minti ashirin babu kiɗa, ka taɓa koyil huɗun. Ɗumi kaɗan daidai ne. Wanda ba ka iya riƙe yatsa a kansa, zobensa ne bai dace ba. In duka suna da ɗan zafi fiye da yadda kake so, ayisin yana da ƙafafu uku, AM0 zuwa AM2, da ake zaɓar saurin bugu da su, 400, 500, 600, 1000 ko 1200 kHz. Hawa zuwa 500 ko 600 yana rage kai da komon wuta a koyil, ayisin kuma ya ɗan ƙara zafi, sai ka tabbatar ƙarfen sanyayawarsa ya zauna da kyau. Wajen dasawa, ka gajarta ƙafafun kafasita, kada koyil biyu su kwanta jiki da jiki in ba rufaffu ba ne, ka murɗa ja da baƙar wayar lasifika tare tun daga bodi.

Kada kuma ka ƙara akwati na uku a gefe ɗaya. Uku masu om 8 sun sauko ƙasa da om 3, kuma a sitiriyo om 4 ne ƙasan abin da aka yi wannan ayisi ya ɗauka. Yana iya jan om 2, amma sai an haɗe tashoshinsa biyu sun zama ɗaya, a lokacin kuma wutar da ke bi ta koyil ta ninka, sai a sake lissafin da R = 1, a nemi koyil mai jure amfiya 15.